Wa Ya Tambayi Tsoho? Sharhi Kan Littafin Being Mortal Daga Bakin Tafkin Kainji

Shekara biyu ke nan da rasuwar kakana, Allah Ya jiƙan sa. Ciwon zuciya ne ya daɗe yana cin sa, irin wanda zuciya ke gajiya ta kasa tura jini yadda ya kamata, ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yin sama-sama. Da jiki ya yi tsanani aka ce mu wuce da shi wani babban asibiti a birni, tafiyar sa'o'i daga Yauri. Kwana goma sha ɗaya muka yi a can. Duk sanda likita ya zo zagaye, sai ya duba fayil, ya danna ƙafa, ya saurari ƙirji, sannan ya yafito baffana zuwa baranda. A can ake maganar. Ni ne ma mai fassara wa baffa Turancin likita, amma ko sau ɗaya ban koma na zauna bakin gado na gaya wa mai ciwon abin da aka ce ba.

Shi kuwa kullum da safe magana ɗaya yake yi: "Ku mai da ni gida in sha iskar ruwa." Baffa ya ce, "Ka yi haƙuri Baba, sai ka ji sauƙi." Alhali tun kwana na uku likita ya gaya mana cewa sauƙin da muke jira da wuya ya zo. A kan wannan gadon ya cika.

Bayan watanni wata abokiyar karatuna ta ba ni aron littafin Being Mortal na Atul Gawande, likitan fiɗa a birnin Boston na Amurka, wanda ya fito a 2014. Ma'anar sunan a taƙaice ita ce zama mai mutuwa. Na karanta shi sau biyu, kuma wannan rubutu sharhi ne a kansa: inda ya yi gaskiya, inda hujjarsa ta yi rauni, da inda bai iso garinmu ba.

Abin da littafin ke cewa

Hujjar Gawande ɗaya ce. Ilimin likitanci ya ƙware wajen tsawaita rai da kare mutum daga haɗari, amma da tsufa ya zo, sai wannan ƙwarewar ta danne tambayar me shi tsohon yake so ya yi da sauran kwanakinsa. A gidajen kula da tsofaffi na Amurka ana tashin mutum a lokacin da ya dace da ma'aikata, a yi masa wanka a lokacinsu, a hana shi abincin da yake marmari saboda sukari, a zaunar da shi a keken guragu don kada ya faɗi. Kowane mataki yana da dalili mai kyau. Idan aka tara su, sai ka ga mutum yana da rai amma ba shi da ta cewa a kan komai.

Ya kawo misalin kakansa, Sitaram Gawande, manomi a wani ƙauye na Indiya, wanda ya rayu kusan shekara 110. Har cikin tsufa sai ya hau doki ya zagaya gonakinsa da dare. Iyalinsa ba su hana shi ba. Ƙaramin doki suka nemo masa, suka sa a riƙa raka shi. Ya kuma ba da labarin likita Bill Thomas, wanda a 1991 ya karɓi aiki a wani gidan tsofaffi mai suna Chase, ya shigo da karnuka 2, kyanwoyi 4 da tsuntsaye 100 domin mazauna gidan su sami abin da za su kula da shi. Rabin littafin na ƙarshe kuma kan ciwon ajali ne, har da na mahaifinsa, wanda ƙari ya fito masa a laka.

Littafin yana da daɗin karatu, kuma marubucin bai ɓoye kurakuransa ba. Ya yarda cewa shi kansa ya daɗe yana jero wa marasa lafiya sunayen magunguna don gudun faɗin gaskiya mai ɗaci.

"Ai mu ba mu kai iyayenmu gidan gajiyayyu"

Wannan ce amsar farko da na samu daga duk wanda na ba labarin littafin, kuma ni ma da ita na fara. A Yauri ko Wara ko Shanga, wanda ya kai mahaifinsa gidan gajiyayyu ya ja wa zuriyarsa abin gori. Tsohonmu yana tsakiyar gida, jikoki na hawa jikinsa, ba a ɗaura aure sai da izininsa. To me ya haɗa mu da matsalar Turawa?

Abin da ya haɗa mu shi ne ranar da tsohon ya kwanta. Mutumin da jiya shi ke raba gona, yau ana shawarar jikinsa a bayan ƙofa. Ana ɓoye masa sunan ciwonsa "kada hankalinsa ya tashi". Babban ɗa ne ke sa hannu a takardar aiki. Idan ya ƙi magani a ce rikicin tsufa ne, a niƙa a zuba masa a kunu. Idan tsohuwa ce abin ya fi muni, domin sau da yawa tun tana da ƙarfinta ma ba ita ake tambaya ba. Ba mu gina gidan tsofaffi ba, amma abin da Gawande ke kuka da shi muna yin sa a asibiti da cikin ɗaki, kuma da ƙauna muke yi. Shi ya sa yake da wuyar gani.

Mu mutanen bakin tafki bai kamata a koya mana wannan darasi daga Amurka ba. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Da ruwa ya taru ya shanye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyukan bakin Kwara, aka tashi mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari na ƙasar Yauri. Gwamnati ba ta watsar da su ba. Ta gina musu gidajen siminti, kuma mai zanen, Robin Atkinson, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya. Kakana yana saurayi a lokacin. Yakan ce gidan ya fi nasu na gungu ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da rana rufinsa kamar tanda, don haka abin da mahaifinsa ya fara yi shi ne ya kwaɓa ƙasa ya gina ɗaki a gefe, ya rufe da ciyawa, a nan yake kwana. An yi musu gini mai kyau, sai dai wani ne ya zaɓa musu inda za su zauna da yadda za su zauna.

Tsarar da aka yi wa haka suna samari, su ne yanzu suka haura saba'in da tamanin, su ne kwance a gadajen asibiti. Kakana sau biyu ana ɗauke shi daga bakin ruwa don amfanin kansa ba tare da an nemi ra'ayinsa ba. Na biyun da hannuna a ciki.

Me bincike ya nuna, kuma yaya ƙarfinsa?

Tunda wannan shafi na kimiyya ne, dole mu tambaya: akwai shaidar cewa ba tsoho zaɓi yana amfanar lafiyarsa, ko dai daɗin baki ne?

Binciken da ya fi shahara kan wannan shi ne na Ellen Langer da Judith Rodin, wanda aka buga a 1976. Sun je wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Mazauna bene guda, su 47, aka gaya musu cewa al'amuransu a hannunsu suke: su tsara ɗakinsu yadda suke so, su zaɓi daren da za su kalli fim, su zaɓi shuka a tukunya su riƙa ba ta ruwa da kansu. Mazauna wani benen, su 44, aka gaya musu cewa ma'aikata za su yi musu komai, shukar ma nas ce za ta kula da ita. Bayan mako uku, rukunin farko sun fi kuzari da walwala. Bayan wata 18, mutum 7 ne suka rasu a rukunin farko, wato kashi 15 cikin 100, a na biyu kuma mutum 13, wato kashi 30.

Wannan sakamako ya shiga littattafan koyar da halayyar ɗan Adam, ana ta maimaita shi. Amma mai karatu ya lura da abu uku. Na ɗaya, mutanen kaɗan ne: tsakanin 7 da 13 mutum shida ne kacal. Na biyu, ba ƙuri'a aka jefa wa kowane mutum ba, bene-bene aka raba su, kuma yana yiwuwa tun asali mazauna wani benen sun fi rauni. Na uku, a 1978 mujallar da ta buga binciken ta fitar da gyara kan lissafin mace-macen, wanda ya nuna bambancin bai kai ƙarfin da aka fara faɗa ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka tukunyar fure tana rage mutuwa da rabi, ya wuce inda shaida ta tsaya.

Akwai wani binciken da ba a cika ambata ba, na Richard Schulz, shi ma a 1976. Ɗalibai ne suka riƙa ziyartar tsofaffi, aka ba wasu tsofaffin ikon tsai da lokacin ziyarar da tsawonta. Waɗannan sun ji daɗi, jikinsu ya yi kyau. Amma da binciken ya ƙare ɗaliban suka daina zuwa, bibiyar da aka buga a 1978 ta nuna cewa waɗanda suka fi amfana su ne suka fi komawa baya. Darasin shi ne, zaɓin da za a ba mutum yau a ƙwace gobe yana iya yi masa illa.

A nan ne sukata ta farko ga Gawande take. Da ya zo kan labarin karnuka da tsuntsaye, ya kawo rahoton cewa mace-mace sun ragu da kashi 15 a gidan, shan magunguna ma ya ragu. Amma gida ɗaya ne aka kwatanta da wani gida ɗaya, kuma abubuwa da yawa sun canja a lokaci guda. Likitan da ya san ƙa'idar bincike ya kamata ya ja kunnen mai karatu fiye da yadda ya yi.

Shaidarsa mafi ƙarfi ita ce binciken Jennifer Temel da abokan aikinta na 2010 a Boston. Masu ciwon dajin huhu da ya bazu, su 151, aka raba ta ƙuri'a. Rabi suka sami maganin daji kamar kullum. Rabi kuma aka haɗa musu tun farko da masu kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, waɗanda aikinsu ya haɗa da zama da mara lafiya a ji abin da yake so. Rukuni na biyu sun fi samun natsuwa, baƙin ciki ya ragu, kaɗan ne cikinsu aka yi wa magani mai tsanani dab da ajali, kuma matsakaicin kwanansu ya kai wata 11.6, na ɗaya rukunin kuma wata 8.9. Asibiti ɗaya ne, ciwo iri ɗaya ne, ba za a shimfiɗa shi kan kowa ba. Amma ya isa ya rushe tsoron da muke da shi cewa gaya wa mara lafiya gaskiya yana gaggauta masa tafiya.

Ra'ayina shi ne, bai kamata a jingina hakkin tsoho da alƙaluman tsawon rai ba. Ko da tambayarsa ba ta ƙara masa kwana ɗaya ba, jikinsa ne, kwanakinsa ne.

Inda littafin bai iso garinmu ba

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Marasa lafiyar Gawande suna zaɓe ne tsakanin abubuwan da ke akwai: a yi aiki ko a bari, a kwanta asibiti ko nas ta riƙa zuwa gida da maganin kashe zafi mai ƙarfi, inshora ta biya. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita. Tsohon da ke wani ƙauye a Ngaski, wanda sai ya shiga kwale-kwale sannan ya hau mota kafin ya ga likita, idan ya ce "ku bar ni a gida", dole a tsaya a tantance. Gidan yake so, ko kuwa ya ji ana maganar sayar da saniya da buhunan albasa ne yake tausaya wa 'ya'yansa? Kuma idan aka mai da shi gida, wa zai ba shi maganin raɗaɗi? Komawa gida cikin azaba babu mai dubawa ba 'yanci ba ne. Duk mai kiran a ba tsofaffi zaɓi a ƙasarmu dole ya haɗa da kiran a wadata ƙananan asibitoci da maganin raɗaɗi da ma'aikatan da za su iya leƙa mara lafiya a gida.

Suka ta uku: littafin ya ɗauka mutum shi kaɗai ne mai yanke shawara, likita na gefe yana ba shi bayani. Mu ba haka muke ba, kuma ban ga laifin hakan ba. Akwai tsohuwar da za ta ce, "Ni kada ku gaya mini komai, ku yi magana da ɗana." Wannan ma zaɓi ne, a girmama shi. Matsalar ita ce ba ma jira ta faɗa, mu muke faɗa mata. Bambancin tambaya ɗaya ce da ba ta ɗaukar minti biyu: "Iya, kina so a yi miki bayani, ko akwai wanda kika wakilta?"

Doka da addini sun riga mu

Mutane da yawa ba su san cewa wannan ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin magani da ke akwai, amfaninsu, haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma hakkinsa na ƙin karɓa. Ta ce in da hali a yi bayanin da harshen da yake ji. Ta bar ƙofar a ɓoye masa ne kawai idan akwai ƙwaƙƙwarar shaida cewa sanarwar za ta cutar da shi. Tun a 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar likita Okonkwo, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai ga rasa rai. Babu inda aka ce hakkin yana ƙarewa idan furfura ta fito.

Maganar harshe tana da muhimmanci a yankinmu. Akwai tsofaffin da Gunganci ko Kambarci ya fi zama a bakinsu, likita kuma wataƙila ɗan bautar ƙasa ne da Hausarsa ba ta nuna ba. Sai ɗa ya zama tafinta, ya tace abin da yake so ya isa kunnen mahaifinsa.

Ga Musulmi kuma akwai abin lura a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. A ciwon ajalin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, iyalinsa sun ɗura masa magani bayan ya yi musu nuni kada su yi, suna zaton ƙyamar magani ce irin ta mara lafiya. Da ya farfaɗo bai yarda da abin da suka yi ba. Fatawa ta malamai ce, amma ko ɗalibi ya ga cewa kyakkyawar niyya ba ta share "a'a" ta mai jiki ba.

To idan hankalinsa ya gushe fa?

Tambaya ce ta gaskiya. Likitoci suna da ma'auni huɗu da Paul Appelbaum da Thomas Grisso suka tsara a 1988: shin ya fahimci bayanin, ya gane cewa shi abin ya shafa, yana iya auna wannan da wancan, kuma yana iya faɗin abin da ya zaɓa? Wanda ya cika huɗun nan yana da ikon yanke shawara ko da zaɓinsa bai yi mana daɗi ba. A kuma kiyaye abu biyu. Ruɗewar da ke kama tsoho a asibiti saboda zazzaɓi, ciwon fitsari, ƙarancin ruwa ko wani magani, sau da yawa takan wuce idan an magance sanadin, don haka a sake tambaya idan ya dawo hayyacinsa. Sannan rashin ji ba rashin hankali ba ne. Tsofaffi da yawa da aka ce sun rikice, ba su ji abin da aka faɗa ba ne kawai. Ko mai ciwon mantuwa da ba zai iya shawarar aiki ba, ya san kunun da yake so da wanda yake so ya yi masa wanka.

Abin da za a iya yi gobe

Mafi amfani a littafin shi ne 'yan tambayoyin da Gawande ya koya daga masu kula da masu ciwon ajali. A Hausance ga yadda zan yi su: Me ka fahimta game da ciwon nan? Me ya fi damun ka? Idan lokaci ya ƙure, me ka fi so a yi? Wace wahala za ka iya jurewa, wacce ce ba za ka iya ba?

Na san abin da za a ce: wane ɗa ne zai dubi idon mahaifinsa ya yi masa maganar mutuwa? Kunya ba za ta bari ba, balle ɗan fari. Amma al'adar da ta ɗaure bakin ɗa ta saki na jika. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, ana faɗin abin da ba mai iya faɗa. Kakana abokinsa yake kira na, muna tsokanar juna kan wa ya fi iya jefa birgi. Ni ne mutumin da ya fi kowa damar jan kujera in ce, "Tsoho, likita ya ce zuciyar nan ta gaji, me kake so mu yi?" Ina da harshen likita, ina da wasan jika, ban yi amfani da ko ɗaya ba.

Ga 'yan'uwana masu karatun likita da jinya, roƙona ƙarami ne. Kafin ka yafito ɗa zuwa baranda, ka gai da mai gadon, ka tambaye shi ko yana so ya ji. Ga ɗalibai irina da ake kira a waya idan an kwantar da wani a gida saboda "kai ka yi boko", ka tuna fassarar da kake yi ta mai ciwon ce kafin ta kowa.

Being Mortal littafi ne da ya cancanci karatu, da sharaɗin a riƙe alƙalumansa da taka-tsantsan, a kuma san cewa an rubuta shi ne don ƙasar da ke da inshora da nas mai zuwa gida. Zan so in ga an fassara shi da Hausa. Zan fi so in ga wani cikinmu ya ɗauki littafin rubutu ya bi ƙauyukan bakin tafki daga Zamare zuwa Wara, ya tambayi tsofaffinmu yadda suke so a kula da su idan jiki ya ƙi, tun suna iya ba da amsa da bakinsu.